Neman kalma: yaya za mu ce "zeroing" na bindiga da Hausa?

Mai Fassara: Salam jama'a, don Allah a taimaka min, gobe ƙarfe 10 zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan dakarun Rangers na arewacin Kanada, waɗanda aka kafa a 1947 suka yi shekara da shekaru da tsohuwar bindiga Lee-Enfield kafin a canza musu. Kalmar zeroing ce ta tsaya min a wuya, na rubuta "saiti" sai na ga mai sauraro zai ɗauka auna abin harbi ake nufi.

Bazazzagi: Daidaita saiti. Shi ke nan.

Tsohon Soja: Gaskiyarka ɗana, ba abu ɗaya ba ne. Auna kai kake yi duk sanda za ka harba, wannan kuwa bindigar ake yi wa, a kafa allo a tazarar da aka sani, a harba uku ko biyar a ga inda suka taru, sai a riƙa gusa ɗan ƙarfen nan na bakin bindiga har inda ido ya nufa da inda harsashi ya faɗa su zama wuri ɗaya. Kuma na gaban a baibai yake aiki, in kana so harsashi ya koma dama hagu za ka tura shi, in tana harbi sama sai a sa ƙarfen da ya fi tsawo. Mu gyaran saiti muke cewa.

Malamin Nahawu: Haba Baba, saiti ai Turanci ne da aka sa wa hula. Ni tun tuni na ƙirƙiro "sifilantawa" daga sifili, kamar yadda muke cewa Hausantawa. Har yaushe za mu yi ta aro?

Bazazzagi: Malam sifilin ma ai Larabci ne, haka bindiga, haka harsashi. Kuma in ka ce an sifilanta bindiga mutane za su ji kamar ta faɗi jarrabawa ne.

Malamin Nahawu: Aron Larabci ya daɗe ya zama ɗan gida, kar ka haɗa.

Tsohon Soja: To saitin baƙo ne? Da irin wannan bindigar iyayenmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin ƙasar Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Kalmar da ta kwana a bariki ka ce ba tamu ba?

Jikan Maharba: Duk kun tsallake bara. Maharbi bara yake yi, in bai samu ba a ce ya kuskure. Me zai hana gyaran bara?

Bazazzagi: A baki ta yi daɗi wallahi, amma a rubuce mai karanta labarai zai iya karanta ta bara ta almajirai ko bara da ta wuce.

Mai Fassara: Na gode kwarai. Zan sa "daidaita saiti", karon farko in ƙara bayanin Baba na ido da harsashi su haɗu wuri ɗaya.

Malamin Nahawu: Sa abinka tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye sifilantawa ba.

Mai Fassara: Baba, kafin ka kwanta, shi wannan taruwar harsasan a allo me kuke ce masa?