Shin ɓoye shirin tafiya ne ya ɓatar da ɗanmu?

Kawun yaron, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Yau kwana 23 ke nan rabonmu da jin muryar ɗan ƙanwata, wanda yake shekara ta uku a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi. Ya bar gida da cewa zai je Yamai neman wasu takardu, zai kwana uku ya dawo. Sai bayan kwana 12 mahaifiyarsa ta faɗa mana, tana kuka, cewa wani mutum ne ya yi masa alkawarin gurbin karatu a Maroko, ita kuma ta sayar da awakinta da gonar da ta gada ta haɗa masa jikka 800, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, har mahaifinsa, sai ya isa. Kiransa na ƙarshe ya zo ne da wata lamba da ba tasa ba, ya ce mata yana Agadas kuma lafiyarsa lau. Da na shiga ɗakinsa na tarar da littattafansa a jere kan tabarma, rigar Juma'arsa tana rataye a ƙusa, amma jakar da yake ajiye takardar bak, wato shaidar gama sakandare, da sakamakon jarrabawarsa babu ita. A komisariya an tambaye mu inda ya nufa, hanyar da ya bi, da wanda ya karɓi kuɗin, muka kasa amsa ko ɗaya. Ni a ganina al'adarmu ta ɓoye tafiya har sai an isa ita ce ta ɓatar da yaron nan, kuma ina so mu tattauna ta a fili, domin akwai ƴaƴanmu da yawa da suke irin wannan shiri a yanzu haka.

Alhaji mai shago a babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam. Allah Ya bayyana shi cikin ƙoshin lafiya, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Amma Malam, ban yarda da inda ka ɗora laifin ba. Na fi shekara 30 ina fatauci tsakanin Maraɗi, Kano da Kwatano, kuma ban taɓa shelar ranar tafiyata ba, haka na ga mahaifina yana yi. Baki shi ke yanka wuya, kuma kowa a cikinmu ya san wanda ya furta alherinsa tun bai nuna ba, abin ya lalace a hannunsa. Ka bar ma zancen hassada, ka dubi zamanin da muke ciki: a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji masu garkuwa da mutane suna aiki ne da labarin da ake kai musu daga cikin gari, yaron da aka ji yana riƙe da kuɗin tafiya kuwa ya zama abin farauta, shi da gidansu. Wanda ya cuci yaron nan shi ne mayaudarin da ya karɓi kuɗinsa. Sirri kuwa kariya ce, kuma akwai hadisin da ya ce a nemi taimako wajen biyan buƙatu da ɓoyewa.

Tsohon ɗalibi a Rabat:
Baba Alhaji, da girmamawa nake magana, domin ni na bi wannan hanya ta karatu a Maroko, kuma zan faɗi yadda take. Gurbin da gwamnatin Maroko take ba ɗalibanmu yana fitowa ne ta hukumarsu ta haɗin gwiwa da ƙasashen waje, AMCI, a nan gida kuma takardu suna bi ta hukumar ba da tallafin karatu ta ANAB da ke Yamai. Ana ajiye takardu, ana tantancewa, ana fitar da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, kowa yana gani. Wanda zai biya wa kansa a makaranta mai zaman kanta ma yana da takardar shaidar ɗauka mai ɗauke da sunan makarantar da adireshinta, wadda za a iya kira a tabbatar. Bayan haka ɗalibi yana hawa jirgi ne a filin Diori Hamani ya sauka a Kasablanka cikin ƴan sa'o'i. Babu inda Agadas ta shigo cikin wannan tafiya. Duk wanda aka ce zai bi ta Agadas zuwa Maroko, ta Aljeriya za a bi da shi, iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko kuwa a rufe take tun 1994, ba a ƙetare ta sai ta ɓarauniyar hanya. Da yaron nan ya faɗa wa mutum ɗaya cikin mu da muka taɓa zuwa cewa za a bi da shi ta Agadas, da a take za a ce masa ya tsaya. Saboda haka ba zan raba mayaudarin da sirrin ba kamar yadda ka raba su, domin sirrin shi ne jarin mayaudarin. Irin waɗannan mutane, sharaɗinsu na farko shi ne kada ka gaya wa kowa, kuma sun san cewa a wurinmu wannan magana ba ta tayar da zargi, kama take da nasiha.

Malamin Islamiyya, Bagalam:
Tun da an kawo hadisi, bari in sa baki. Hadisin da Alhaji ya ambata sananne ne, amma malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, wasu sun karɓe shi, wasu sun raunana shi. Ko a wurin waɗanda suka karɓe shi, dalilin ɓoyewar shi ne tsoron mai hassada, uba kuwa ba ya cikin masu yi wa ɗansa hassadar karatu. Mu dubi Suratu Yusuf: Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa ba ƴan'uwansa labarin mafarkinsa, amma wa Yusuf ya fara faɗa wa mafarkin? Mahaifinsa ya faɗa wa, mahaifin ne kuma ya zaɓa masa waɗanda za a ɓoye wa. Haka nan ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya nemi izinin fita jihadi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya mayar da shi gare su. Idan jihadi bai wuce sanin iyaye ba, ban ga yadda tafiyar karatu za ta wuce shi ba.

Hajiya, malamar makaranta a Ali Ɗan Sofo:
Ina roƙon ku da ku yi hankali da yadda maganar take komawa kan mahaifiyar yaron, domin ni maƙwabciyarta ce kuma ina ganin halin da take ciki. Wayarta ba ta barin tafin hannunta ko a kan sallaya, in wuta ta ɗauke sai ta aika yaro da ita wurin mai caji, ta tsaya a bakin ƙofa har ya dawo, don tsoron kada ɗanta ya kira ya same ta a kashe. Ba da mugun nufi ta yi shiru ba, alkawari ta ɗauka wa ɗanta, kuma ita ba ta san bambancin hanyar jirgi da hanyar hamada ba. Tambayar da ya kamata mu maida wa kanmu ita ce dalilin da ya sa yaro mai hankali, wanda ya kai shekara ta uku a jami'a, zai ɓoye wa mahaifinsa. Na koyar da yara da yawa, na san amsar: sun san cewa kafin su gama magana za a ce musu a'a. Suna ganin yayyensu sun gama lisans suna zaune a fada suna dafa shayi. Ƙofar Faransa da wasu suke sa rai a kai ta ƙuntata tun da aka dakatar da ba da biza a 2023, ofishin jakadancinsu na Yamai ma ya rufe a farkon 2024. Yaron da bai samu wanda zai saurare shi a gida ba, zai samu mai saurarensa a Facebook, kuma wancan ba ya cewa a'a.

Kawun yaron, unguwar Zariya:
Hajiya, na gode, kuma Allah Ya sani ban zargi ƙanwata ba. Maganarki ta taɓa ni, domin bara yaron ya same ni da zancen karatu a waje, na ce masa ya gama wanda yake yi tukuna, ban ƙara tambayarsa ba. Da na zauna na ji shi, da yau na san sunan mutumin da ya karɓi kuɗin.

Tsohon direban hanyar Arlit:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma hanyar da ake magana a kai na san ta. Tun da aka soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, a watan Nuwamban 2023, motoci suna fita daga Agadas a fili, sai dai fitowa fili bai rage wa hamada nisa ba. Daga Agadas zuwa Arlit tafiya ce ta fiye da kilomita 200, daga Arlit zuwa Asamaka ma kusan haka, kuma akwai wurare masu nisa da waya ba ta kamawa sam. Wanda ya shiga Aljeriya ba da takarda ba, in aka kama shi, sau da yawa ana karɓe wayarsa, a tsare shi kwanaki, sannan a zubar da shi a wurin da ake kira Point Zéro, kimanin kilomita 15 daga Asamaka, ya tako da ƙafa. Saboda haka shirun kwana 23 bai isa a yanke ƙauna ba, na ga waɗanda suka bayyana bayan sun fi haka. Amma Alhaji, a kan sirri ba na tare da kai. Ka tuna mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara daga Kance. A hamada, wanda aka san ranar fitarsa da motar da ya shiga shi ake bin sawunsa in ya yi jinkiri. Mu direbobi ba ma tashi sai mun bar wa wani a tasha labarin hanyar da za mu bi da ranar da ya kamata a ji mu. Malam, ku aika da hotonsa da cikakken sunansa zuwa cibiyoyin hukumar kula da masu ƙaura ta duniya, OIM, da ke Agadas da Arlit, suna rubuta sunayen waɗanda suke karɓa, ku kuma sanar da ƙungiyar agaji ta Kuros Rus ta ƙasa.

Alhaji mai shago a babbar kasuwa:
Na ji maganar Malamin Islamiyya, kuma na karɓi gyara a kan uba, domin ni ma da nake cewa ba na shela, ban taɓa fita ba tare da mahaifina ya sa mini albarka ba, bayan rasuwarsa kuma ƙanena ne yake sanin masaukina. Amma ban janye sauran maganata ba. Ina jin tsoron kada daga wannan muhawara yara su fahimci cewa sai sun ɗora hoton fasfo da tikiti a waya kowa ya gani, wannan kuwa wata ɓarna ce. Sannan ba kowane gida ne yake da uban da za a faɗa wa ba. Akwai gidan da in yaro ya faɗa, kuɗin ne za a karɓe a yi wata hidima da su, karatun ya mutu. Irin wannan yaro me za mu ce masa?

Tsohon ɗalibi a Rabat:
Mu ce masa ya zaɓi babba ɗaya mai amana wanda ya iya karanta takarda, ko kawu, ko malaminsa na jami'a, ya bar masa kwafin fasfo, takardar shaidar ɗauka, sunan wanda ya karɓi kuɗi da rasit ɗin aikawa, sannan su yanke ranar da in ba a ji shi ba za a fara nema. In ya sauka kuma ya je ofishin jakadancin Nijar ya yi katin rajista. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, da jerin sunaye ƙasashe suka yi aikin kwashe ɗalibansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar unguwa ta sani, Baba Alhaji.

Abokin karatunsa:
Iyayena, ku gafarce ni, na daɗe ina karantawa ina jin nauyin magana. Tare muke kwana da shi a lokacin jarrabawa, kuma na san zancen tafiyar tun wata biyu kafin ya tashi. Ya rantsar da ni kada in faɗa, ni kuma na ɗauka cika alkawari nake yi. Ya taɓa amfani da wayata ya kira mutumin ranar da kuɗin wayarsa suka ƙare, lambar tana nan ban goge ba. Ya kuma ce mini ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu biyu daga Damagaram da za su haɗu a Agadas, kuma an gaya musu cewa tikitin jirgi ya yi tsada, shi ya sa za a bi da su ta mota.

Kawun yaron, unguwar Zariya:
Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, ba wanda zai tsangwame ka. Kada ka sa lambar a nan, kada kuma ka kira ta, don kada mutumin ya farga ya jefar da layin. Gobe da ƙarfe 8 na safe zan zo in ɗauke ka a ƙofar jami'a mu tafi komisariya tare da mahaifinsa. Malam direba, zan turo maka hotonsa yanzu ka aika wa mutanenka na tashar Arlit. Wanda yake da ɗan'uwa a Damagaram kuma ya taimaka ya bincika ko akwai gidan da suke neman ɗalibai biyu da suka fita a makon da ɗanmu ya fita.