Python ta ƙi tsayawa: ashe 0.1 sau goma ba 1.0 ba ne?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a duba min wannan, kaina ya kulle. Aikin gida aka ba mu a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, lissafin faɗowar dutse cikin daƙiƙa ɗaya:

t = 0.0
while t != 1.0:
    t += 0.1
    print(t)

Na zata zagaye goma zai yi ya tsaya. Ina! Lambobi sai kwarara suke, fankar laftof ta ɗau kuka, ga ba wuta a layinmu tun la'asar, ina ji ina gani batir yana sauka. Sai da na danna Ctrl+C. Ko Python ɗin da na sauke ce ta lalace? Data ta yi tsada, ban son sake saukewa a banza.

Yayanku na Kongo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar datarka, Python lafiyarta ƙalau. Koma farkon abin da ta buga. Layi na uku za ka ga 0.30000000000000004, na goma 0.9999999999999999, na sha ɗaya 1.0999999999999999. Ka ga ta tsallake 1.0 ba ta taka shi ba, kai kuma ka ce kada ta tsaya sai ta taka shi cif.

Da 0 da 1 kwamfuta ke ajiye lamba, kuma a wannan tsarin 0.1 ba ta da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku ke zama 0.333… a lissafinmu. Dole a datse ta, ɗan gutsuren da aka yar shi ke taruwa kowane zagaye. Ƙa'idar IEEE 754 ce, wato ta yadda kwamfuta ke ajiye lamba mai ɗigo, tun 1985 ake binta. Ko C ka koma, ko Java, haka za ka tarar.

'Yar Tudun Wada:
Ka sa t < 1.0 kawai, magana ta ƙare.

Yayanku na Kongo:
Ƙanwata, zai tsaya kam, amma bayan zagaye sha ɗaya, don 0.9999999999999999 bai kai 1.0 ba. Wannan ma ya fi haɗari, amsa za ta fito ba daidai ba kuma ba mai lura. Ni dai a ƙirga da cikakkiyar lamba:

for i in range(1, 11):
    t = i / 10

In kwatantawa ta zama dole, akwai math.isclose, mai duba ko lambobi biyu sun kusa zama ɗaya, tun Python 3.5.

Baban Sabon Gari:
Yaro, kada ka ji komai, manya ma ya kayar da su. Ranar 31 ga Disamba 2008 na'urorin sauraren waƙa na Microsoft, Zune masu 30GB, suka sandare a rana ɗaya. Shekarar kwana 366 gare ta, sharaɗin lissafin kwanan wata kuwa bai bar wa rana ta 366 mafita ba. Shawarar kamfanin: a bar batir ya ƙare, a jira gobe.

Ɗan Samaru:
Na sa range, ya tsaya a 1.0 cif. Allah ya ƙara sani, Yaya. To in kuɗi nake lissafawa fa, naira da kwabo?

Yayanku na Kongo:
Mai da komai kwabo ka ƙirga, ko ka ɗauko decimal, sashen Python mai lissafi da tsarin goma irin namu. Sai dai ka rubuta Decimal("0.1") da alamun zance, in ba haka ba gutsuren nan zai biyo ka.