Babur ya fi ni tsayi: wa ya taɓa rage wa nasa?

Mai tambaya, daga unguwar Gangare a Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi Honda CRF250L na hannu saboda zuwa gonar dankalinmu wajen Barikin Ladi. Tsayina santimita 160, nauyina kilo 52. Kujerar babur ɗin milimita 875 take daga ƙasa, shi kuma ya haura kilo 140. In na hau, yatsun ƙafa ɗaya kawai ke taɓa ƙasa. Ranar Asabar a hanyar duwatsun Shere na tsaya a wani gangare, ƙafata ta laluba ta rasa ƙasa, muka kife, hannun kuloci ya karye. Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan, ya ya yi?

Wani daga Bukuru:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ni da kujera na fara. Na kai wa mai kushin, ya cire fatar, ya yanke soson wajen santimita 2 daga sama, sannan ya fere gefe da gefe ta gaba, inda cinya ke sauka. Ferewar nan ta fi yi mini amfani, domin kujera mai faɗi buɗe maka ƙafafu take yi, sai tsayinka ya ƙare a hanya. Amma kar ka bari ya ci soson da yawa. Na farko da aka yi mini, kafin in kai Mangu sai ka ce a kan katako nake zaune.

Bakanike, daga Dilimi:
Ƙanena, kafin ka yanka komai, ɗauko tef ka auna. Ku ɗora babur a kan wani abu har tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga notin tayar zuwa wata alama a madigadi. Ku sauke shi, ka hau da takalminka da hular kwano, ƙafafu a kan matakai, wani ya riƙe maka, a sake aunawa. Abin da ya nutse ya kamata ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar shokozoba. Ta bayan wannan babur milimita 240 ce, ka ga kana neman wajen 80 ke nan. Mai kilo 52 da wuya ya danne shi haka, musamman in wanda ya sayar maka ƙato ne ya ɗaure sifirin tamau. A sassauta zoben da ke kansa, sai ka ga babur ya sauko, ko sisi ba ka kashe ba. Kuma sifirin CRF250L dama mai laushi ne, kar wani ya gaggauta sa ka sayen sabo.

Wani daga Rayfield:
Ni na sa ƙarfen nan na ƙarƙashin shokozoba mai sauke baya, na samu kusan santimita 4. Kuskurena shi ne na bar gaba yadda yake. Sai babur ya zama kamar doki ya ɗaga kai, in na zo kwana a kan tsakuwa tayar gaba ba ta kama ƙasa, ta riƙa zamewa. Sai da aka kwance notukan wuya aka turo ƙafafun gaban babur sama, santimita ɗaya, kafin ya dawo hayyacinsa. Sai kuma ƙarfen kafewa: ya yi tsawo, babur ya tsaya cak, iskar hunturu ta kayar mini da shi a ƙofar gida. Mai walda ya rage shi.

Bakanike, daga Dilimi:
Gaskiya ne, Malam, amma a faɗa masa sauran. Duk abin da ka sauke, cikin babur ne ya matso ƙasa, kuma hanyoyinmu dutse ne. Na karɓi wanda dutse ya fasa masa gindin inji a kan wannan. In za ka sauke, sa faranti a ƙasa. Ƙafafun gaba kuma in an turo su da yawa, taya za ta daki madigadi a rami.

Wani dattijo, daga Unguwar Rogo:
Yaro, ni ma ban fi ka tsayi ba, kuma na yi shekaru ina hawan manyan babura a hanyoyin kuza. Ban taɓa dire ƙafa biyu ba. Kafin ka tsaya, duba gefen da ƙasa ta fi tudu, ka zame daga kujera zuwa can, ka dire ƙafa ɗaya sosai, ɗayar tana kan mataki. A gangare, ƙafar wajen tudu ake saukewa. Nemi fili ka yi ta maimaitawa har jikinka ya riƙe.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode muku duka. Da yamma ni da yayana muka auna, milimita 48 kawai ya nutse. Oga na Dilimi, gobe bayan azahar zan kawo shi a sassauta, in sayi hannun kuloci a nan. Kujerar zan bar ta tukuna, sai na je gona na dawo.