Ƙanwata na son karanta aikin jarida a jami'a, me ake buƙata?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan ƙanwata. Ta gama sakandare bana, kuma ba ta da buri sai ta karanta aikin jarida, wato Maskom, ta yi aiki a gidan rediyo. Ga abin da ta samu a WAEC: Turanci C5, Hausa B2, Gwamnati C4, Ilimin Addinin Musulunci B3, Tattalin Arziki C6, Lissafi D7. Adabin Turanci kuwa ba ta rubuta ba. Shin wannan sakamako zai shigar da ita? Sannan na ji an ce an raba kwas ɗin gida-gida, wanne ya kamata ta cike? Idan ta shiga, me za a nema a wajenta kafin a ba ta digiri? Allah Ya saka da alheri.

Wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da takarda, don a nan ake tsayar da yawancin yara.

Ana neman kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, kuma C6 shi ne ƙarshen kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba a ƙirga su. Ƙanwarka tana da biyar ɗin, amma akwai giɓi biyu. Na farko Lissafi. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta shi ga masu neman kwasa-kwasan fannin adabi, amma ta bar shi dole ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, kuma jami'o'i da yawa a ƙarƙashin kimiyyar zamantakewa suke ajiye Maskom. Saboda haka kada ku dogara da wannan sassauci. Na biyu Adabin Turanci. Wasu jami'o'in sun sharɗanta shi, wasu suna karɓar kowane darasi na adabi ko na zamantakewa a madadinsa.

Shawarata ta sake zama, ta yi NECO ko WAEC ta 'yan waje ta ƙarshen shekara, ta sa Lissafi da Adabin Turanci a ciki. Ana haɗa WAEC da NECO su zama zama biyu, ba laifi. Sai dai Adabin ba darasin haddar dare ɗaya ba ne, akwai littattafan zube da wasan kwaikwayo da waƙoƙi da aka ƙayyade, sai ta same su tun yanzu ta karanta da kanta.

A JAMB darasi huɗu za ta rubuta. Turanci dole ne, tambaya 60, sauran ukun kowanne 40, jimla 180 cikin awa biyu, maki 400. Haɗin da ya fi shiga ko'ina shi ne Turanci, Adabin Turanci, Gwamnati, sai na huɗu cikin Tattalin Arziki ko Hausa ko Addini. Kafin a biya ko sisi, ku buɗe kundin JAMB a intanet, ku nemo sunan jami'ar da kwas ɗin, ku karanta abin da aka rubuta a gabansu. Kada a bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa mata. Yaro sai ya ci 250 amma ya rasa gurbi, don kawai darasi ɗaya a haɗinsa bai dace da sharaɗin jami'ar ba.

Wasu ƙananan abubuwa masu ɓata babban aiki: sunanta da ranar haihuwarta su zo ɗaya a NIN da WAEC da JAMB. Ta tura lambar NIN zuwa 55019 daga layin da yake nata na kanta, kuma kada layin ya ɓata, don da shi za a riƙa tuntuɓarta. Idan sakamakon NECO ya fito, a je cibiyar JAMB a ɗora shi, in ba haka ba manhajar CAPS, wadda JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinta, za ta ɗauke ta a matsayin wadda ba ta cika sharaɗi ba ko da jami'a na son ta. Kuma makin JAMB 150 ɗin da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 bakin ƙofa ne kawai. Maskom kwas ne mai cunkoso, ta sa ido a kan 200 zuwa sama.

Wata 'yar jarida:

Malam ya gama da maganar shiga. Ni zan taɓa batun rabon da ka ji. Gaskiya ne. A farkon 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta sanar da raba Maskom gida bakwai: aikin jarida da nazarin kafafen labarai, watsa shirye-shirye a rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim da fasahar hoto da sauti, sadarwa don ci gaban al'umma, sai nazarin bayanai da kafafen labarai. Amma tsohon kwas ɗin bai mutu ba, jami'o'i da dama suna ci gaba da bayar da shi a dunƙule. A Jami'ar Bayero, misali, tsangaya guda aka yi wa sadarwa, Maskom sashe ne a cikinta.

Tunda rediyo take so, ko dai ta ɗauki ɓangaren watsa shirye-shirye inda ake da shi, ko Maskom ɗin a dunƙule. Ni na fi karkata ga na biyun. Yarinyar da ta fito daga sakandare ba ta taɓa zama a ɗakin labarai ba, sau da yawa muryar mai gabatarwa ce ta burge ta. A dunƙulallen kwas za ta taɓa rubutu da rediyo da talla da hulɗa da jama'a a aji ɗaya da biyu, sannan ta ga inda hannunta ya fi faɗawa.

Ko wanne ta zaɓa, ku tambayi abu biyu kafin ku cike jami'a: shin NUC ta tantance kwas ɗin a can, kuma shin suna da gidan rediyon da ɗalibai ke shiga da gaske? BUK FM ta Jami'ar Bayero na kan mita 98.9, kuma akwai irinsa a wasu jami'o'in. Sutudiyon da ake buɗewa ranar da masu tantancewa suka zo kawai ba zai koya wa kowa riƙe makirfo ba.

Wani mai aikin hulɗa da jama'a:

Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun yi yawa a Kano da Kaduna, amma albashin da yawansu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya karanta hulɗa da jama'a ko sadarwa don ci gaba yana da ƙofa a ma'aikatu da bankuna da ƙungiyoyin agaji. Sai dai a sani, digiri kaɗai bai isa ba, doka ta ce mai sana'ar hulɗa da jama'a ya yi rajista da NIPR, cibiyar masu wannan sana'a, mai harkar talla kuma da ARCON, hukumar kula da talla, wadda ta maye gurbin APCON a 2022.

Malamin jami'ar:

Duka kuna da hujja. Bari in koma tambaya ta uku, wadda ita ce aka fi sakaci da ita, wato sharaɗin fita.

Tun daga 2023 jami'o'i ke bin sabuwar manhajar NUC mai suna CCMAS. Kashi 70 na kwasa-kwasan hukumar ce ta tsara, kashi 30 jami'a ce ke cikewa da nata. Wanda ya shigo ta JAMB shekara huɗu zai yi, kuma sai ya ci aƙalla yunit 120, yunit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas. Wanda ya shigo ta DE, wato shiga kai tsaye, da difloma ko NCE ko IJMB daga aji biyu zai fara, yunit 90 ake nema a wajensa. A kowane zango ba a yin rajistar ƙasa da yunit 15, ba a wuce 24.

Kwasa-kwasan kala uku ne. Akwai na kowa da kowa, irin GST 111 na Turanci da GST 112 na al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, da na koyon kasuwanci a aji biyu da uku. Ɗalibai na raina su, alhali wanda ya faɗi ɗaya bai gyara ba, ba zai fita ba ko da ya cinye sauran. Akwai na dole na sashe. Sai na zaɓi, waɗanda ake iya ɗaukowa daga wani sashen.

A aji ɗaya za ta yi gabatarwa ga sadarwa, rubutu don kafafen labarai, da tarihin jarida a Nijeriya, tun daga Iwe Irohin ta Abeokuta a 1859 zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya a 1939 da talabijin ɗin Ibadan a 1959. Aji biyu rubuta labari da tace shi da ɗaukar hoto. Aji uku ne mai nauyi: ra'ayoyin masana a kan tasirin kafafen labarai, dabarun bincike, da dokokin aikin jarida. A nan za ta san sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin 1999, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, da hukuncin ɓata suna, da ƙa'idojin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Dabarun binciken nan akwai ƙididdiga a ciki, shi ya sa na ce kada a yi wasa da Lissafi.

Ga yadda maki yake: 70 zuwa sama A ne, maki 5, 60 zuwa 69 B, maki 4, 50 zuwa 59 C, maki 3, 45 zuwa 49 D, maki 2, 40 zuwa 44 E, maki 1, ƙasa da haka F, sifiri. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit. A ce ta yi kwas shida masu yunit uku-uku, ta samu A biyu, B biyu, C ɗaya, F ɗaya. Ta tara 63, a raba da 18, ya ba da 3.50. Da F ɗin nan C ne, da 4.00 ta samu. Ka ga ɓarnar faɗuwa ɗaya. Kuma sifirin nan yana nan cikin lissafi ko bayan ta sake kwas ɗin ta ci, sannan kariyoba ɗin zai cinye mata gurbi a cikin yunit 24 na zangon a shekara mai zuwa. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Da sanyin safiya ake kama fara: a aji ɗaya kwasa-kwasan sun fi sauƙi, a nan ake tara makin da zai riƙe mutum a aji uku.

Tes da aikin gida suna ɗaukar kashi 30 zuwa 40 na makin kowane kwas, kuma ƙa'ida ita ce halartar kashi 75 na lacca kafin a shiga jarrabawa. Ta kuma riƙa kai takardar rajistarta wajen malamin da ke kula da ajinsu ya duba ya sa hannu. Ana samun ɗalibi a aji huɗu a gano akwai kwas na dole na aji biyu da bai taɓa yi wa rajista ba, shekara guda ta tafi a banza.

'Yar jaridar:

Malam, ka bar mini biyu, horon aiki da kundin bincike.

Kafin aji huɗu za a tura ta horo a gidan jarida ko rediyo, a ba ta littafin da za ta riƙa rubuta aikin kowace rana, shugaban sashen da take ya sa hannu. Yana da yunit, ba yawon buɗe ido ba ne. Ta nemi wuri da wuri, kuma ƙaramar tasha ta fi mata babba, don a ƙarama za a miƙa mata rikoda a ce je ki kasuwa ki jiyo farashin masara, a babba kuwa sai ta ƙare a kujerar baƙi.

Kundin binciken aji huɗu babi biyar ne. Inda ake tuntuɓe shi ne zaɓen take mai faɗi, irin "tasirin rediyo ga al'umma". Ta ɗauki shiri ɗaya, a tasha ɗaya, da masu sauraro na ƙaramar hukuma ɗaya, cikin watanni ƙayyadaddu.

Sannan ɗan'uwa, ka faɗa mata wannan tun yanzu: da Turanci ake koyar da kwas ɗin baki ɗaya, amma aikin da zai fi zuwa hannunta na Hausa ne, ko a Freedom ko Aminiya ko Arewa24 ko sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Fassara ita ce gwajin da ke tankaɗe masu neman irin wannan aiki. B2 ɗinta ta Hausa jari ce. Ta ɗauki kwas na zaɓi a sashen harsunan Nijeriya, na fassara ko na ƙa'idojin rubutu, ta iya bambanta ƙ da k, ɗ da d, ta san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Kullum ta ɗauki labari ɗaya na Turanci ta mayar da shi Hausa, ta karanta a waya ta saurari kanta. Jimlar farko ta faɗi wa ya yi me, a ina, yaushe. Dalili da yadda aka yi su biyo baya. Labarin rediyo jimlolinsa gajeru ne, don mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai karatu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura ɗaya: sai na saya mata kwamfuta da kyamara tun daga aji ɗaya?

'Yar jaridar:

A'a, kada ka takura kanka. A aji ɗaya waya mai ɗaukar sauti da hoto mai kyau ta wadatar, sai ɗan makirfo na maƙalawa a riga da abin sauraro na kunne. Kwamfuta daga aji biyu za ta fara buƙata, lokacin da za a shiga tace sauti da tsara shafin jarida. Ka nemi mai RAM 8GB aƙalla, mai riƙe caji, ko da ta hannu ce. Ta fara da Audacity na tace sauti, kyauta ake sauke shi kuma ya isa haɗa rahoton rediyo. Kyamara kuwa a bari sai an ga ta karkata ga talabijin ko fim, kafin nan ta sashe za su riƙa arowa rukuni-rukuni.