Wane Suna Za Mu Ba Gilashin Kyamara Mai Jawo Nesa?

Jama'a, ina neman shawarar masana harshe da masu sana'ar ɗaukar hoto a kan wata kalma da ta gagare ni. Ƙanena yana shirin ɗaukar hotunan hawan Sallah a filin Kangiwa na Katsina, ya tambaye ni wane gilashi zai saya wa kyamararsa, kuma da na fara yi masa bayani sai na tarar cewa abubuwa biyu mabambanta, wato talifoto da zum, mun cusa su duka a cikin kalma ɗaya, muna ce musu "zum".

Talifoto shi ne gilashin da ke kamo abin da ke nesa ya cika fuskar hoto da shi, kuma ana gane shi da yawan milimitarsa, wato lambar tsawon da ake rubutawa a jikin gilashi, daga kimanin 70 zuwa sama. Zum kuwa shi ne wanda ake murzawa tsawonsa ya sauya. Gilashi mai milimita 300 da ba ya murzuwa talifoto ne amma ba zum ba ne, mai 18 zuwa 55 da ake haɗowa da yawancin ƙananan kyamarori kuma zum ne, sai dai wanda ya tsaya da shi a bakin taro zai ɗauko Sarki a Ƙofar Soro kamar ƙwayar gero. Wannan ruɗanin yana cin kuɗin mutane. Mai saye yakan ji an ce gilashi yana ninkawa kusan sau takwas, kamar mai 18 zuwa 140, ya ɗauka ya fi mai 70 zuwa 200 wanda bai kai ninki uku ba, alhali na biyun ne ya fi kamo nesa.

An ba ni shawarar "tabarau", amma wannan na fuska ne, kuma "tabaron hangen nesa" ya riga ya zama sunan abin da ake karawa a idanu biyu. Wani ya ce a ƙera sunan kayan aiki daga "janyo", sai muka ga inda za a faɗa shi ne "majanyi", kuma ba na jin akwai mai hoton da zai shiga kanti ya ce a ba shi majanyi ba tare da an tambaye shi lafiyar jariri ba.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne abin da na ji a bakin wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar hawan Magajiya a Daura, wanda yake kiran kowane gilashi "idon kyamara". Idan muka karɓi wannan, talifoto ya zama "idon nesa". Game da zum, "zuƙo" ya riga ya shiga bakin masu waya, kuma ya dace, domin zuƙowa jawowa ce a hankali ba fizga ba. Ke nan muna da "idon nesa mai zuƙo", wanda ba ya murzuwa kuma "kafaffen ido". Na san wasu za su ce sunan ya yi tsawo, amma gara tsawon da yake raba ma'ana biyu.

Da waɗannan kalmomi na koma wa ƙanena. Na ce masa kafaffen ido ba zai yi masa ba a wurin jahi, inda dawakai ke tasowa daga nesa su iso gabansa cikin daƙiƙoƙi. Mai 70 zuwa 200 da f/2.8 (f lamba ce da ke nuna faɗin kafar da haske ke shiga, ƙaramar lamba ta fi faɗi) yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6 da aka saba samu a mai 70 zuwa 300, saboda haka ya fi daskarar da doki mai sukuwa idan rana ta yi sanyi ko ƙura ta tashi, sai dai nauyinsa ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, ga tsada. Mai 70 zuwa 300 bai fi rabin wannan nauyi ba, ya fi kamo nesa, kuma da rana tsaka ya wadatar. Wannan ya zaɓa.

Saura wannan lamba ta f, wadda nake kira "ƙofar haske" na wucin gadi. Malamai, ko akwai wadda ta fi ta?