Musayar Waƙa: Dutsen Da Garma Ta Kasa

Mai Buɗe Fage:
Assalamu alaikum. Jigonmu na yau Wave Rock ne, dutsen giranit da ke kusa da garin Hyden, cikin yankin noman alkama na Yammacin Ostireliya, da ɗan gandun dajin da aka bar masa. Tun da na ga hotonsa ya tsaya mini a rai. Ga nawa, kowa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda ya kafa dutse ba girgizawa.
Wannan kam tamkar igiyar ruwa,
Ta taso za ta kife, ta fasa faɗuwa.
Mita 15 ne tsayinsa wajen aunawa,
Mita 110 kuma tsawon miƙewa.
Alkama ta ko'ina tana kewayewa,
Shi kaɗai garma ta kasa taɓawa.

Ɗan Manomi:
Malam, baitinka ya yi mini daɗi,
Amma ɗan manomi ne ni, bari in faɗi:
Dajin da aka killace, ga shi da faɗi,
Da an ba garma, da an sha girbi.
Kan fa ba a shuka, ba a ɗaure dami,
Tumaki ma a can ba su cika tumbi.

Baiwar Alƙalami:
Yaya, ai saran nan shi ya jawo kuka,
An tumɓuke itatuwan turare, an yi shuka,
Su da ke zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa duka.
Saiwar alkama gajera ce, ba ta nitsa haka,
Ruwa ya taso, ya ɗauko gishiri a ka,
Gona ta yi fari fat, kamar an watsa toka.
Abin ya ci ƙasa mai yawa a yankin, ka ji da kunnenka,
To, ɗan dajin da ya rage za ka sa wa lauje da hannunka?

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, ku yi a hankali, ku saurara,
Dutsen nan shekara miliyan 2,600 ya wuce, har da ƙara.
Narkakke ne can ƙasa tun da fara,
Ya huce sannu-sannu, ya daskara.
Yana binne damshi ya yi ta cin gindinsa,
Ƙasa ta zaizaye, lanƙwasar ta fito a jikinsa.
Ratsin ja da baƙi da kuke gani a gefensa,
Sawun ruwan sama ne da ke gangarowa kansa.

Baiwar Alƙalami:
Na gode, Baba. Bari in hau da ku bisa,
Akwai ƙananan kwarmi a bayansa,
Da rani busasshen laka ne kawai cikinsa.
Ƙwan 'yan jatan lande na kwance a ƙasansa,
Ƙanana, ido ba ya iya rarrabe su.
Ranar da ruwa ya sauka ya jiƙa su,
Sai kwarmi ya motsa da iyonsu.
Mutanen Noongar, 'yan asalin yankin, sun san ramukan nan tun kakanninsu,
Da su suka sha a kan hanyoyinsu.
Ɓawon dutse kuma, wanda ya ɓantale ya kwanta,
Ɗakin ƙadangare ne, nan yake ɓuya, ya samu ya huta.
Mai ɗauke shi don adon lambu, abin na ci mini rai,
Gida guda ya rushe, bai ko waiwaya ba sarai.

Ɗan Manomi:
Ƙanwata, kin taɓa ni da zancen gishiri,
Ba ni da ta cewa, na sauke jayayya da wuri.
Har na tuna katangar da aka ja a kan dutsen a jeri,
A 1928, gajera, ba ta ado ba ce ko tsari,
Tana tare ruwan sama ta kora shi tafki don gari.
Ashe fa ɗin da na raina ya shayar da manomi a fari.

Mai Buɗe Fage:
Madalla, ɗan'uwa. Ni gindinsa nake dubawa,
Inda ruwan da ya zame yake taruwa,
Itace ya yi duhu, tsuntsaye na sauka da yawa,
Taku kaɗan ka iske shingen waya, ka iske gonar alkama tana farawa.