Ranar da aka ce ku kawo shaidar asalinku: gogewar 'yan ruwa biyu a cikin masoya fina-finai da wasanni

Gimbiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da ya faru da kowannenmu a yanayi guda, wato lokacin da mutum yake cikin masoya wani fim ko wata ƙungiyar wasa, ana hira lami lafiya, sai maganar launin fata ta taso, nan take kuma a juyo kansa ana tambayar ko yana da hurumin sa baki. Ni mahaifina baƙar fata ne, mahaifiyata Baturiya. Lokacin da fim ɗin zane na Spider-Man mai jarumi Miles Morales ya fito a 2018, na rubuta a rukuninmu cewa abin da ya fi burge ni shi ne yadda yaron yake jin Sifaniyanci daga bakin mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico, ya juya ya yi Turanci da mahaifinsa baƙar fatar Amurka, ba tare da an mai da hakan wata cuta da za a nemi maganinta ba. Wani ya amsa mini da cewa yaron baƙi ne kawai, kuma irinmu masu hasken fata mun saba zuwa mu raba abin da ba namu ba. Wani kuma ya nemi in sa hoton iyayena kafin a ci gaba da magana. Ban sa ba, kuma har yau ina ganin bai kamata a nemi hakan daga kowa ba.

Ɗan Ƙwallo:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Nawa a harkar ƙwallo ya faru, inda ake auna asalin mutum da sakamakon wasa. A watan Janairun 2022, da Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar cin kofin Afirka da ci ɗaya mai ban haushi, laifin duka ya koma kan mai tsaron raga Maduka Okoye, haifaffen Jamus. A rukunin magoya baya da nake ciki, ba a tsaya kan ƙwallon da ta wuce shi ba, sai aka koma cewa ba shi da kishin ƙasa domin jininsa rabi ne, a mayar da shi inda ya fito. Da na ce a soki aikinsa a bar mahaifiyarsa, sai wani ya tuna cewa ni ma tawa mahaifiyar Bajamushiya ce, ya ce dama dole in kare ɗan'uwana.

A watan Fabrairun 2024 kuma, William Troost-Ekong, wanda mahaifiyarsa 'yar Holan ce, ya ci wa Najeriya ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da Kwaddibuwa, aka kuma ba shi kyautar gwarzon gasar duk da an sha kashi da ci 2 da 1. Mutanen nan dai su ne suka cika rukunin da "ɗanmu", "kyaftin ɗinmu". Na yi murna tare da su, amma na fahimci cewa karɓar da suke yi wa irinmu aro ce, kuma mai abu yana iya zuwa ya karɓi kayansa duk ranar da aka yi rashin nasara.

Ummu Nabila:
Ƙanwata Gimbiya, ban goyi bayan wanda ya nemi hoton iyayenki ba, amma ina roƙon ku saurari ɗaya ɓangaren, domin fushin da kuke gamuwa da shi yana da tushe. Ni baƙa ce wuluk, mijina Balarabe ne, 'yata kuma ta ɗauko haskensa da laushin gashinsa. Na taɓa kai ta tare da 'yar yayata wurin tantance yara domin tallar wani kamfani. Matar da ke rubuta sunaye ta ɗaga kai ta dubi 'yata, ta taɓa gashinta ba tare da ta nemi izni ba, ta ce irin wannan ake nema, sannan ta miƙa wa ɗaya yarinyar takarda ta ce ta jira a waje. Yarinyar nan ita ce ta haddace kalmomin tallar tsaf, amma ko bakinta ba a bari ta buɗe ba. Da muka fito ba ta yi kuka ba, sai ta tambaye ni ko akwai man da zai sa ta yi kama da Nabila.

Wannan ba a kan yara ya tsaya ba. A 2016 an fitar da fim kan rayuwar mawaƙiya Nina Simone, matar da duhun fatarta da siffar fuskarta suke cikin ainihin gwagwarmayarta, amma aka ɗauki Zoe Saldana aka shafa mata abin da zai ƙara mata duhu, aka kuma yi mata hancin roba. Zoe Saldana da kanta ta ba da haƙuri a 2020. Idan masu shirya fina-finai suna son a ce sun sa baƙar fata amma ba sa son baƙi sosai, ɗan ruwa biyu suke ɗauka, sai ya zama wanda aka tura waje yana ganin fuskarku a gurbinsa. Kuskurensa shi ne ya huce a kanku maimakon a kan mai ɗaukar aikin, amma ba mafarki yake yi ba.

Mai Zane:
Anti Ummu Nabila, na yarda da ke, sai dai a ɓangarenmu abin a juye yake, domin mu duhunmu ne ake gogewa. Mahaifina ɗan Afirka ne, mahaifiyata 'yar Japan, kuma ina cikin masu yin shigar jaruman anime, wato fina-finan zane na Japan, a tarukan masoya. Na taɓa ɗinka kayan wata jaruma da hannuna, na gyara gashin kanti har ya yi daidai da nata, na sa hoton a shafina. Washegari wani ya ɗauki hoton ya haskaka fatata da kwamfuta, ya tsuke mini hanci, ya sake sa shi da rubutun cewa ya gyara mini. Mutane da dama sun yaba masa, wasu har suna cewa taimako ya yi.

Ban yi mamaki sosai ba, domin an yi wa waɗanda suka fi ni suna. A Janairun 2019 kamfanin Nissin ya janye wata tallar zane bayan an soki yadda aka mai da 'yar wasan tenis ta Japan Naomi Osaka fara, alhali mahaifinta ɗan Haiti ne. Kafin nan, da Ariana Miyamoto, 'yar ruwa biyu, ta zama sarauniyar kyau ta Japan a 2015, an yi ta rubuta cewa ba ta yi kama da 'yar ƙasar ba, duk da cewa a can aka haife ta kuma harshen ne harshenta na farko.

Baban Yasmin:
Ni marubuci ne, kuma tawa matsalar da masu tace labari ce. Na aika wani labari gasa, jarumarsa 'yar ruwa biyu ce mai binciken laifuka, sai ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuto cewa bai ga tana shan wahalar rashin sanin ko ita wace ce ba, don haka ba ta gamsar da shi ba. Wato idan ba a nuna mu muna kuka a gaban madubi ba, ba mu cika ba. Alhali ba mu da ƙaranci: sai a shekarar 2000 ƙidayar Amurka ta fara barin mutum ya zaɓi asalin launin fata fiye da ɗaya, zuwa 2020 kuwa mutum miliyan 33.8 suka yi hakan, ko da yake sauya tsarin tambayar ya taimaka wajen hauhawar adadin. A Ingila da Wales ma, ƙidayar 2021 ta samu kusan miliyan 1.7. Mutane masu wannan yawa ba za su kasance da labari guda ɗaya ba.

Malam Shugaba:
Ni nake kula da wani rukunin masoya fina-finai, kuma bayan irin wannan rikici mun kafa doka cewa ba a tambayar kowa hoton iyayensa ko shaidar asalinsa, wanda ya yi kuma za a dakatar da shi mako guda. Dokar ta kashe zagin kai tsaye. Inda ta gaza shi ne wurin da Ummu Nabila ta taɓo, domin wasu sun fara fakewa da ita suna kai ƙarar duk wanda ya ce masana'antar tana fifita masu hasken fata, har muka dakatar da wata baiwar Allah da ba ta zagi kowa ba, sai daga baya sauran masu kula suka mayar da ita. Yanzu mun raba abin biyu: sukar wanda ya zaɓi 'yan wasa halal ce, amma auna jinin ɗan rukuni haramun ne. Har yanzu muna samun saƙonnin da suke faɗawa tsakanin biyun, kuma idan wani a cikinku yana da tsarin da ya yi aiki a rukuninsa, ina so ya rubuto mana yadda suka tsara shi.